Barde a Dokin Ƙofa

Ni dai ban zaci akwai sauran abin da zai sa in kifar da faranti a tsufana ba, sai ranar nan. Ina zaune a tsakar gidan ɗana da hantsi ina tsinke zogale, na ji tsayuwar motar jikana, wannan mai noman shinkafar da nake tsokana da ango. Na ɗaga murya na ce, to ango ya dawo, me aka riƙo wa amarya? Ban rufe baki ba sai ga wani abu ya kutso kai ta zaure, baƙi wuluk, kai kamar turmi, harshe a waje yana ɗigar da yawu. Kare! Kare a tsakar gida, tsakanin randa da tabarmar sallata. Innalillahi! Zogale ya watse, kaji suka yi kansa, ni kuwa na tsinci kaina a ƙofar ɗaki a tsaye, da wannan gwiwar da kullum nake kuka da ita.

"Kai, ɗan nema, fitar mini da shi!"

Yaron nan dariya yake har da riƙe ciki. "Haba amarya, ba ya cizo sai an sa shi. Na Turawa ne, daga Kano na ɗauko shi, har katin allura gare shi. Injinan ban-ruwa zai riƙa yi mana gadi, kin san ɓarayi sun dame mu."

"To ka kai shi wurin injinan mana. Ni injin ce?"

"Rana ta yi zafi, Hajiya. Irinsu ba sa jure zafi. A zaure zai riƙa wuni, zan sa masa fanka."

Fanka fa ya ce. Na zauna na riƙe haɓa. Shi ya ɗauka ƙazanta nake gudu, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ja abinsa ya fita. Ban gaya masa ba, amma ba yawun ne ya kaɗa ni ba. Yadda karen nan ya tsallake dokin ƙofa ne, ko kallonsa bai yi ba, sai ka ce gidan ubansa. Tun daga ranar nan barcina bai ƙara daɗi ba, saboda na taɓa sanin wani kare da bai iya wannan tsallaken ba, kuma ni ce na hana shi iyawa.

Yaran yanzu in sun tsaya a bakin kwalta suka hango kore shar daga Bunkure har Kura, ga shinkafa, ga tumatir da albasa, ruwa na gudu rani da damina, gani suke haka Allah ya ajiye wurin tun farko. Ina! Da nake yarinya, in ka wuce gonakin gero da dawa sai kurmi, kanya da marke da tsamiya sarƙaƙiya ta naɗe su, ka shiga da rana tsaka ka ga duhu. Mu 'yan mata ba ma wuce bakinsa in mun je itace, a nan ɗin ma sai mun yi ayari, muna waƙa da ƙarfi don abin da ke ciki ya san da zuwanmu. Abin da ke ciki kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai dila, akwai tunku da muzurun daji, akwai mesa a bakin rafi, sai uwa uba kura. Jikokina a waya suke ganin kura, ko a hannun masu wasa da ita ranar kasuwa, an sa mata takunkumi, duk ta rame ta zama abin tausayi. Mu da kukanta muka tashi. Da an idar da isha'i wata za ta fara daga gabas, wata ta amsa mata daga yamma, sai ka ji jakuna sun yi tsit, awaki sun cure wuri guda. Kakata takan ce mu rufe baki, masu garin sun fito. Yanzu abin da ke hana ni barci ƙarar injin ne da kukan kwaɗi.

Ko mage ma a lokacin sai da dabara ake riƙe ta. Gidanmu ba a raba shi da mage, saboda rumbuna da kuma littattafan babana, waɗanda ɓera ke so kamar me. Ita 'yar gida ce, ta sha ruwa a moɗa, ta kwanta a kan buzun salla, babu mai ce mata tashi. Amma in ta kuskura ta bi zabi zuwa bayan gari, to sai dai wata. Mun rasa wata a bakin dila, wata muzurun daji ya yaga mata fuska ta dawo da ido ɗaya, 'ya'yan kuwa shaho ke sure su a tsakar gida ana ji ana gani. Shi ya sa in magen Inna ta haihu, Inna mahaifiyata kenan, sai ta kife 'ya'yan da kwando ta ɗora dutse, ta sa ni zaman kallon sama ina korar inuwa. Yau matar jikana tana da wata fara mai gashi buzu-buzu, ana yi mata wanka da sabulu, ana taje ta. Ɓera ya wuce ta gabanta ranar nan, wallahi da ido ta raka shi.

Kare kuwa daban. Babana malami ne, Baba Malam muke ce masa, kuma zaurenmu nan ne makaranta: alluna a jingine, gafakar littattafai a rataye, buzunsa a kusurwa. Gidan shi ne na ƙarshe a wani dogon lungu, katanga dama katanga hagu, in ka shigo babu mafita sai ƙofarmu ko ka koma ta inda ka fito. A gefen ƙofar aka yi wa awaki shingen ƙaya. Wata damina kura ta gano wurin. Ta ɗauki akuya, ta dawo ta ɗauki tunkiyar Inna, ta kuma dawowa ta yage wa jakinmu cinya, sai da aka yi wata ana wanke masa da ruwan bagaruwa. Baba Malam ya kwana uku yana buɗe littattafai, sannan ya tara mu ya ce ya duba, an yarda mutum ya riƙe kare don tsaron dabbobi ko gona, amma ba a cikin gida ba. Ya ce zai nemo, da sharaɗi guda: ƙafar karen ba za ta taɓa tsallake dokin ƙofar zaure ba, ko sama za ta faɗo. Ba don littafi kawai ya kafa sharaɗin ba. Ya san bakin mutane. Tun kafin karen ya iso an fara cewa, yau ga gidan Malam da kare, saura me?

Wani tsohon maharbi daga wajen Madobi, abokin Baba Malam tun suna yara, shi ya kawo ɗan kwikwiyon a cikin buhu. Ja ne mai farin ƙirji, dagi manya-manya kamar ba nasa ba. A gabanmu ya sa aska ya rage masa kunnuwa, ya shafa toka. Na toshe nawa kunnuwan ina ihu, ya ce in yi shiru, kunne kura ke fara kamawa, gara ya rasa rabi yau da ya rasa kai gobe. Ya ce in ya girma a kai wa maƙeri ya yi masa abin wuya na fata mai ƙusoshi. Shi ya raɗa masa Barde. Abincinsa kuwa a kaina ya faɗo, tunda ni ke wanke tukwane, ni ke kankare ƙanzo. Aka ware masa kaskonsa, aka ce in na taɓa shi in wanke hannu kafin in taɓa komai.

Da Baba Malam ya gaya wa maharbin sharaɗin, sai tsohon ya girgiza kai.

"Malam, kora ba ta isa ba. Ka kore shi yau, gobe yaro ya kira shi daga ciki da loma a hannu, shiga zai yi. Sai ya koyi cewa ko kiransa aka yi, ba a shiga."

"To yaya ake koya wa dabba wannan?"

Sai maharbin ya juyo kaina. "'Yar Malam, ke kike ba shi abinci, da ke zai yarda. Ki tsaya cikin zaure da tuwo a hannun hagu, tsumagiya a dama kin ɓoye a baya. Ki kira shi da murya mai daɗi. In ya tsallako, ki zuba masa, kada ki tausaya. Ranar da kika kira ya ƙi shigowa ya kwanta, ki fita ki ba shi tuwon, ki yaba masa."

Haka na yi, Allah ya yafe mini. Ranar farko na tsaya na ce, "Zo Barde, zo ɗan kirki." Ya taho da gudu yana tuntuɓe da ƙafafunsa, murna kamar ya yi magana, ya tsallako, na shauɗa masa tsumagiyar tsamiya a gadon baya. Ya yi ƙara ya koma waje, ya tsaya yana kallona, kai a karkace. Har yau ina ganin kallon nan. Inna ta ɗago murya daga madafa ta ce, "Wannan aiki naku babu kyau. Ki kira bawan Allah da bakinki, kuma ki dake shi?" Baba Malam ya ce, "Kwana nawa ne, zai koya." Ai kuwa ya koya, amma ba a kwana kaɗan ba. Har kaka ta wuce ana abu ɗaya, safe da yamma, don shi in ya ji muryata mantawa yake da jiya. Sai wata rana na kira, ya taho, ya zo daf da dokin ƙofa ya ja birki, ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa, jela tana share ƙura. Na ƙara kira, na miƙa tuwon har yana jin ƙamshin miya. Ko motsi. Na fita na ce, "Yawwa Barde!" na zuba masa a kasko.

Kunya nake ji in faɗa, amma alfahari na riƙa yi da abin. Barde ya girma ya kai ɗan maraƙi, muryarsa in ya yi haushi har cikin ƙirji ake jin ta. Tun da ya kawo ƙarfi ba mu ƙara rasa ko ɗan akuya ba. Ya taɓa kwana yana artabu a bakin lungu, da safe muka ga jini a ƙusoshin wuyansa da gashin da ba nasa ba. Shi ke raka mu itace, ya zauna tsakaninmu da kurmi, mu sara mu ɗaure hankali kwance. Masu cewa gidan Malam da kare su suka koma turo awakinsu shingenmu. In baƙi suka zo, malamai daga Dawakin Kudu ko 'yan'uwan Inna, Baba Malam yakan ce a kira ni in nuna musu. In tsaya cikin zaure da ƙashi mai tsoka, in yi ta kira har da lallashi, ƙaton nan ya zo ya zube a bakin ƙofa yana kaɗa jela. Baƙi su riƙe baki su ce, tabarkalla, wannan ya fi wasu mutanen ladabi. Ni kuwa kaina ya yi ta fashewa, sai ka ce saukar Alƙur'ani na yi.

Shekarar da na fara cika azumi aka ce za a kawo ruwa. Mun ji ana faɗa, ba mu gane ba, ruwa kuma a rani? Sai ga katafiloli. Ban taɓa jin ƙara irin tasu ba, ƙasa rawa take har randunan Inna suna ƙara. Tsamiyar da kakan kakana ya tarar, katafila ta jingina da ita sau biyu ta kwantar. Suna ture itatuwa suna tarawa, a cinna wuta, hayaƙi ya wuni ya kwana. Gari kaf ya koma kallo, maza da yara, har masu tallar ƙosai suka koma can. Kurmi ya fara amayar da abin da ke cikinsa. Zomaye da gafiya suna shiga ƙafafun mutane, damo, bushiya, macizai kuwa ba a magana, samari suna bi da sanduna ana shewa, kowane gida ana miyar naman daji. Kakata ba ta je kallo ba. Ta ce ku kuna murna, kun rushe wa masu gida gidansu, ina kuke so su nufa? Babu wanda ya saurare ta, aka ce tsufa ne.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana ƙwal. Ɗalibai duk sun tafi kallo, daga Baba Malam da ke rubutu a zaure sai mu mata a ciki. Ina tsakar gida ina surfe na ji ihu daga nesa, ba irin shewar da muka saba ba. Ihun yana matsowa, sai na tsinci kalmar a ciki: kura, kura, ga ta nan ta shiga gari! Na yar da taɓarya na ruga zaure. Kura da rana tsaka? Ai ko a tatsuniya ban taɓa ji ba. Awakin da ke kwance a lungu suka kwararo zaure suna ture alluna, kaji suka bi ta kanmu, magen Inna ta wuce kamar an harba ta, har jaki ya tsinke igiya ya cusa kai ya shige. Baba Malam bai hana ko ɗaya ba, yana riƙe da ƙyaure yana cewa ku shige, ku shige. Kafin ka ce me, lungu ya zama wayam, saura Barde.

Na leƙa ta ƙarƙashin hannun Baba Malam na gan ta a bakin lungu. Ƙatuwa ce, gefenta ɗaya ya ƙone sai hayaƙi da jan nama, tana ɗingishi, baki a buɗe. Bayanta maza ne da sanduna da duwatsu, suna jifa suna ihu, ba su san lungun da suke tura ta ba shi da mafita ba, ko sun sani tsoro ya mantar da su. Ta tsaya tana waige, gaba kare, baya mutane. Barde kuwa yana tsakiyar lungu a tsaye, ƙafafu a ware, gashin bayansa ya miƙe, ya sunkuyar da kai ƙusoshin nan suna fuskantarta, yana wani gurnani da ban taɓa ji ba. A shirye yake. Wannan nake so a gane, a shirye yake, ya san aikinsa, kuma da an bar shi Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Baba Malam ya ce, "Zan rufe. Kira shi ya shigo."

Na ɗago na dube shi, don ban yarda da kunnena ba.

"Kira shi na ce! Ya shigo, na yarda!"

Na buɗe baki na ce, "Barde, zo! Zo ɗan kirki, zo!"

Wayyo Allah. Ya ji muryata daga cikin zaure. Ya bar gurnani, ya juya wa kura baya, ya taho da gudu, ya zo daf da dokin ƙofa ya kwanta. Ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallona, jela tana share ƙura. Na ce shigo, don Allah shigo, ina kuka ina buga cinya, shi kuwa ƙara lafewa yake, yana nuna mini ya gane, ba zai faɗa tarkon ba, a fito a ba shi tuwonsa. A nan na san abin da na aikata.

Baba Malam, mutumin da bai taɓa sa hannu a jikin karen nan ba, ya duƙa ya cafki abin wuyan da hannu biyu ya ja. Ƙusoshi suka shige masa tafi, jini ya biyo hannun rigarsa, bai saki ba. "Shigo, bawan Allah, shigo!" Barde ya kafa farata a ƙasa ya turje, yana irin kukan da yake yi yana ɗan kwikwiyo in ya ga tsumagiya. Ƙato ne, ko maza biyu sai sun yi da gaske. Na kama ƙafarsa ta gaba ina ja, ya fizge. Wani dutse ya sami kurar a baya, ta yi wata ƙara ta taho, ina jin ƙafafunta a ƙasa. A bayanmu akwai Inna, akwai kakata, akwai ƙannena biyu da ko gudu ba su iya ba. Baba Malam ya saki wuyan, ya fizgo ni ciki, ya banka ƙyaure ya danna sakata.

Abin da muka ji ta bayan ƙyauren nan ba zan iya faɗarsa duka ba. Yana ƙoƙarin tashi ta same shi, ta baya, inda babu ƙusa. Ƙyaure yana jijjiga, ƙura tana shigowa ta ƙasa. Baba Malam ya jingina bayansa da shi yana salati, idanunsa a rufe, jini na ɗiga daga yatsunsa a kan allon wani. Ni ina dukan ƙirjinsa ina cewa ka buɗe, ka buɗe, bai ko ture ni ba. Sai muka ji maza sun iso, sanduna suna sauka tim, tim, wani yana cewa ku ba ni wuri, ku ba ni wuri. Can sai shiru, sai haki.

Da aka buɗe, kurar tana yashe a jikin katanga, an farfasa mata kai, kunnenta ɗaya da rabin leɓenta babu, Barde ya cire. Shi kuwa ƙugunsa ya karye, cinya a buɗe. Da ƙafafun gaba ya jawo jiki ya dawo wurinsa, ya ɗora haɓa inda ya saba ɗorawa. Maza sun cika lungu. Baba Malam ya ce a ɗauko tabarma a shigar da shi zaure, rana ta yi yawa. Wani ya ce, "Allah gafarta Malam, zaure fa?" Ya ce, "Na ce zaure." Mutum huɗu suka ɗora shi a tabarma suka ɗaga. Da ya ga an nufi ƙofa da shi sai ya fara kuka yana fafutuka, yana neman zamewa ƙasa da wannan karyayyen jikin, idonsa a kan hannuna na dama.

"Ku ajiye shi." Muryar Inna ce daga cikin zaure. "Ku ajiye shi haka nan, ya isa."

Suka ajiye. Sai ga Inna ta fito. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarta a ƙofar gida da rana ba, ko rasuwa aka yi sai magariba take fita. Ta fito a gaban mazan gari, mayafi a karkace, riƙe da ƙwaryar da take dama wa Baba Malam fura, cike da ruwan randa. Maza suka sunkuyar da kai, wasu suka juya baya. Ba ta dubi kowa ba, har mijinta. Ta zauna dirshan a ƙasa, ta buɗe gefen mayafinta ta yi masa inuwa, ta kai ƙwaryar bakinsa. Bai sha ba. Ni yake kallo, jelar tana ɗan motsi.

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke yake jira. Je ki ɗauko masa."

Na shiga na yanko tuwo, ina sauri har rabi ya zube a hanya. Na fito na durƙusa na ce, "Yawwa Barde." Bai iya ci ba, ya dai lashi miyar da ke yatsuna, sau biyu. Ranar babu wanda ya ce in je in wanke hannu. Kafin a kira la'asar ya cika, kansa a kan ƙafar Inna.

Baba Malam da kansa ya haƙa ramin a bayan shingen awaki, da hannuwan nan a naɗe da tsumma, ya hana kowa karɓar fartanyar. Ina tsaye a kansa. Da ya gama mayar da ƙasa na ce, "Baba, da ban kira shi ba." Ya dubi tsumman da jini ya ɓata. Sannan ya ce, "Ni na ce ki kira. Tun farko ma ni na ce." Bai ƙara ba, kuma har ya bar duniya bai sake riƙe kare ba. Ba a ma ƙara bukata ba. Kafin damina biyu kurmi ya zama fili, ruwa ya zo, aka dasa tumatir a inda kuraye ke haihuwa, kukansu ya ɗauke ɗif kamar ba a taɓa yi ba. Mutane suka yi arziki, ban ce ba su yi ba, ni ma na ci.

Amma ni abin bai bar ni ba. Na yi aure, na haifi takwas, na goyi jikoki har ban san adadinsu ba, kuma kowa a zuri'ar nan ya san hannuna yana da zafi, na zane da yawa cikinsu, ban kuma yi nadama ba. Sai dai akwai abin da ban taɓa yi ba. Ban taɓa kiran yaro da murya mai daɗi ina ɓoye da bulala a baya ba. Surukaina sun sha yi a gabana, zo ɗan albarka, zo ka karɓi alewa, yaro ya taho da gudu a cafke shi. Duk ranar da na ga haka, a ranar ake jin kanmu. Ni in zan dake ka, tun daga nesa za ka ji a muryata, in ka ga dama ka gudu. In kuwa na ce zo, to ka zo, babu komai a hannuna.